Kayan zamiyar ƙanƙara na yarinya 'yar shekara huɗu, ina zan samu da sauƙi?

Maman Ummi, Calgary

Assalamu alaikum iyayena da yayyena na wannan zaure. Shawara na zo nema wurin waɗanda suka riga mu shan sanyin ƙasashen nan.

Ummi ta cika shekara huɗu a watan Yuli. Babanta ya je ya yi mata rajistar koyon zamiya a kan ƙanƙara a WinSport, tudun nan na yammacin garinmu Calgary, a Kanada, inda aka yi gasar Olamfik ta hunturu a 1988. Asabar-Asabar ne da safe, kuma a watan Janairu za su fara. Ni da farko ban so ba, don ko a ƙofar gida yarinyar nan ta zame sai gabana ya faɗi. Amma duk yaran da suke gidan reno tare zancensu ke nan, kuma zaman ɗaki daga Nuwamba har Maris yana mayar da yaro wani iri, daga kallon katun sai rigima. Na ce to, Allah ya tsare.

Allunan zamiyar da takalmansu haya za mu riƙa yi a can, wannan ba damuwa. Tufafin ne suka tsaya min a rai. An ce a zo da jaket da wando waɗanda ruwa ba ya ratsawa, da kayan ciki masu ɗumi, safar hannu, doguwar safar ƙafa, hular kwano da gilashin ido. Ranar Lahadi na shiga wani babban shagon kayan wasanni, Ummi ta ruga ta rungumo wata jaket ruwan hoda. Na juya 'yar takardar da ke hannun rigar, dala 180. Wandonta dala 130. Safar hannu kaɗai, ta yarinyar da hannunta bai kai rabin tafina ba, dala 45. Na tsaya nan tsakanin marataya na buga lissafi a waya, na ga ba zan fita ba sai na ajiye abin da ya haura dala 500, ban da haraji. Na mayar musu da jaket ɗinsu, na ja hannun 'yata muka fito tana kuka, ita sai ruwan hoda.

Ku fahimce ni, ba rowa ba ce. Babanta karatu yake yi, ni kuma ɗan aikin da nake samu ba kullum ba ne. Ga kuɗin haya, ga mutanen gida da ba su san akwai wata aba wai ita zamiya ba, su dai a ƙarshen wata su ji alat. Ina zan kai dala 500 a kan kayan da baɗi warhaka ba za su shige ta ba?

Abin da take da shi yanzu shi ne na bara, wata kumburarriyar jaket da wandon ƙanƙara da na saya a wani kanti da araha. Jaket ɗin da ɗumi, ba laifi, sai dai hannun ya ɗage mata. Wandon kuwa ba ya ko jure wasan bayan gida, ta ɗan durƙusa kaɗan sai ta shigo gwiwa da mazaunai sharkaf, har cikin ɗan kamfai.

To ga abin da nake son sani. Dole ne sai kayan da aka rubuta na zamiya ne, ko duk kayan ƙanƙara ɗaya ne, suna kawai ake sayar mana? Sannan na ga akwai mai ɗinki ɗaya daga wuya har idon sawu, akwai kuma jaket daban wando daban, wanne ya fi wa mai shekarunta? Babanta ya dage wai a sayo na 'yar shekara bakwai a nannaɗe hannu da ƙafa, ta sa har shekara uku. Ni ban yarda ba amma ba ni da hujjar da zan ba shi. Kuma idan na hannu zan saya, mene ne bai kamata in saya na hannu ba? Na ƙarshe, wannan na mata ne: yaya kuke yi da kitso a cikin hular kwanon nan? Na gwada mata wata a shagon, shukun da ke kanta ya hana ta zama, ta tsaya a sama tana lilo.

Na gode, Allah ya bar zumunci.

Baban Khalifa, Edmonton

Wa alaikumus salam Maman Ummi. Kin yi daidai da kika fito daga shagon nan hannu biyu. Yarana uku duk sun bi ta wannan hanya, kuma ban taɓa saya wa ɗan shekara huɗu sabuwar jaket ta dala 180 ba.

Abu na farko, ba sanyi ba ne zai dame ta, ruwa ne. Ki je ki tsaya bakin inda ake koya wa ƙananan nan ki gani. Rabin darasin a ƙasa suke yin shi: a faɗi, a zauna jiran malama, a rarrafa, a ɗebi ƙanƙara a kai baki. Ɗumin jiki ya narkar da abin da aka zauna a kai, ruwan ya bi ta yadi. Da zarar mazaunai da yatsu sun jiƙe, darasi ya ƙare, sai kuka. Ku kuma a Calgary kuna da iskar Chinook da ke sauko muku daga duwatsun Rocky, yau ana rawar ɗari gobe ƙanƙara ta koma caɓi. Don haka kuɗinki su tafi wurin wando da safar hannu. Jaket kuwa, kowace mai ɗumi da ke tare iska ta isa, ba sai an rubuta zamiya a jikinta ba.

Yadda za ki gane wando mai kyau: ki duba takardarsa, za ki ga an rubuta 5,000 mm ko 10,000 mm. Wannan awon yawan ruwan da yadin ke iya tarewa ne kafin ya fara yoyo. Mai 5,000 zai yi, mai 10,000 ya fi. Idan ba a rubuta komai ba, ki yi shakka. Sannan ki juya shi ciki waje idan zai juyu, ko ki leƙa ta ƙafar, ki ga ko an bi ɗinkin da wani siririn tef an liƙe. Allura huda take yi, kuma ta nan ruwa ke fara shiga. Ki nemi mai ƙirji da igiyoyi a kafaɗa, wanda in ta faɗi ƙanƙara ba za ta shige mata ta ƙugu ba, kuma a ƙasan ƙafar ya zamana akwai wata 'yar riga ta ciki mai roba da ke kama takalmi.

Inda za ki samu: Kijiji da Facebook Marketplace su ne kasuwarmu ta kayan hannu a intanet. Akwai Once Upon a Child, su kayan yara na hannu kawai suke sayarwa, ga kuma shagon gwanjo na Value Village in kina da haƙurin tono. Ki nemi rukunin Buy Nothing na unguwarku a Facebook, can kyauta ma ake bayarwa. Yara a wannan shekarun ba sa cinye kaya, fin su suke yi, shi ya sa za ki samu wandon da aka sa hunturu ɗaya tak a kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗinsa. In kin je karɓa, ki tafi da gorar ruwa, ki ɗan zuba a gwiwar wandon a gaban mai shi. In ruwan ya dunƙule ya gangare, ki biya. In yadin ya sha ya yi duhu, ki yi godiya ki tafi. Ki ja zik sama da ƙasa, ki duba bakin ƙafar ta ciki, nan ne gefen allon zamiya ke yanka.

In sabo kike so, Decathlon suna da nasu mai suna Wedze, kuɗinsa da dama-dama. Costco kan kawo saitin jaket da wando tun farkon kaka, amma ba ya daɗewa. Akwai ragin ranar 26 ga Disamba, sai dai babban ragi a Maris da Afrilu yake, lokacin da shaguna ke son kwashe kayan sanyi. Na baɗi a lokacin za ki saya. Haka kuma duk Oktoba 'yan sa-kai na Canadian Ski Patrol kan shirya kasuwar kayan zamiya sababbi da na hannu a nan lardinmu na Alberta, ki sa ta a rai don shekara mai zuwa.

Maganar Baban Ummi kuma, ki gaishe min da shi, ki ce masa ni ma ɗan kasuwa ne a zuciya amma wannan dabara ba ta ci. Yarinyar da aka zura wa kayan 'yar shekara bakwai tafiya za ta riƙa yi kamar buhun gero da aka yi wa ƙafa. Tsakiyar wandon zai sauko mata gwiwa, ba za ta iya buɗe ƙafa ta taka birki ba, wanda shi ne abu na farko da za a koya mata. Ƙafar wandon za ta shiga ƙarƙashin allo, iska kuma ta samu wurin yawo a ciki. A ƙara lamba ɗaya kawai, ta 'yar shekara biyar, iyaka shida in tana da tsayi. Wasu kamfanoni irin su Columbia da Burton da Obermeyer suna ɓoye ninki a hannun riga da ƙafar wando, da zare mai launi daban. In yaro ya girma sai a warware zaren, a samu ƙarin 'yan santimita. In na hannu ne ki duba ko an riga an warware.

Ni jaket daban wando daban nake zaɓa, saboda banɗaki. Ɗan shekara huɗu ba ya cewa fitsari sai ya zo bakin ƙofa.

Abin da ba a saya na hannu shi ne hular kwano. Abin da ke cikinta sau ɗaya yake aiki, in ta taɓa shan bugu mai ƙarfi ya riga ya matse, kuma daga waje ba za ki gani ba. Ko dai ki yi haya a wurin, ko ki sayi sabuwa mafi araha, muddin akwai tambarin ASTM F2040 ko EN 1077 a cikinta. Ta keke ba ta yi.

Ki kuma leƙa Jumpstart na Canadian Tire da KidSport, suna taimaka wa iyalai masu ƙaramin ƙarfi da kuɗin rajistar wasannin yara. Ki duba ko kun cika sharuɗɗansu, ba abin kunya ba ne.

Maman Ummi, Calgary

Baban Khalifa, Allah ya saka da alheri, ya raya su Khalifa. Na karanta wa mutumin naka, ya ce wai kun haɗa baki da ni. Amma maganar birki ta shige shi, ya yi shiru. Gorar ruwan nan kam zan ji nauyin zubawa a gaban Baturiya, sai dai in ce mata maigida ne ya aiko ni.

Saura kayan ciki da kitso, ina matan suke?

Anti Mai Ulu, Oslo

Gani nan ƙanwata, aiki ne ya riƙe ni.

Duk abin da Baban Khalifa ya faɗa a kan wando na yarda, amma a kan mai ɗinki ɗaya ban bi shi ba. Mu nan Norway yaran gidan reno kullum sai an fitar da su waje, ana ruwa ko ana ƙanƙara, kuma kusan dukansu mai ɗinki ɗaya suke sawa har su shiga firamare. Ba ta inda iska ko ƙanƙara za ta shiga, kuma zik ɗaya ne, yaro da kansa yake koyon zugewa. Matsalar fitsari kuwa, a kai ta banɗaki kafin a sa takalmi, ko ta ce ba ta ji. Amma tunda kina da jaket da za a iya lallaɓawa, kuma aljihu ake dubawa, bi tasa. Wando kaɗai ya fi arha.

Yanzu kayan ciki. Don Allah kar ki sa mata auduga a jikin fata. Na san halinmu, singileti, sai riga, sai wata rigar, sai suwaita, mu ga yaro ya cika fam mu ce ya ji ɗumi. Auduga in ta sha gumi ba ta bushewa, manne wa jiki take yi ta yi sanyi. Yarinya za ta yi gumi wurin hawa tudu, sannan ta tsaya a layi, a nan ne sanyin zai kama ta. Hawa uku ake yi: siririyar riga da wando na ulu ko foliyesta a jiki, sai suwaita mai laushi ta filis, sai na waje. Shi ke nan. Ulu na merino ya fi kowanne don ko ya ɗan jiƙe yana riƙe ɗumi, kuma ba ya ƙaiƙayi, amma da tsada. Na foliyesta mai araha zai yi mata darasin awa ɗaya ko biyu. In kin dace da na ulu a kayan hannu, ko da 'yar huda a gwiwa, ki ɗauka ki ɗinke, wa zai gani?

Safar ƙafa ƙwaya ɗaya, doguwa har ƙasan gwiwa, ba ta auduga ba. Kar a ninka biyu. Takalmin zamiya a matse yake, in kin ninka jini ba zai zaga ba, ƙafar ta fi yin sanyi. Kuma kar a cusa ƙafar wandon ciki a cikin takalmin, ninkin zai ci mata ƙwauri, ta dawo tana ɗingishi ki rasa dalili.

Safar hannu ki sayi dunƙulalliya, wadda babban yatsa ne kawai a ware. Yatsu in suna tare suna ɗumama juna, kuma ba za ki ɓata safiya kina neman ramin da ƙaramin yatsa ya shiga ba. Ta zama mai dogon wuya da ke hawa kan hannun jaket. Ki sayi biyu. Ɗaya za ta jiƙe ko ta ɓata, wannan ba ko shakka. Ki rubuta sunanta a cikin komai.

A wuya kar ki naɗa mata gyale ko mayafi, yana iya maƙalewa a injin da ke jan su sama. Akwai ɗan zagayayyen abin wuya da ake zurawa ta kai, shi za ki nema.

Kitso: ki kwance shukun. A yi mata ƙanana kwantattu, daga goshi zuwa ƙeya, jelar ta sauka can ƙasa wajen wuya. Ban da duwatsu, ban da ribom mai ƙwallaye, don hular za ta danna mata su a ƙoƙon kai. Ki je gwajin hular da irin kitson da za ta riƙa zuwa da shi, in ba haka ba za ki sayo wadda ta yi yawa. In ta sa, ta girgiza kai ba a ɗaure ba, hular ta bi kan, kar ta yi lilo. A ƙarƙashi siririyar hula mai rufe kunne ta isa, ba mai tuntu ba.

Abu ɗaya da ba kowa zai gaya miki ba. Takardun gargaɗin sanyi da Turawa suke rabawa cewa suke in sanyi ya fara cin fata za a ga ta yi ja. Namu yaran ba lallai ki ga ja ba. Ki duba kumatu, kan hanci, kunne da yatsu, in wuri ya yi fari-fari ko toka-toka, ya yi tauri, ko ta ce ba ta jin wurin, ku shiga ciki nan take. A ɗumama da tafin hannu ko ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba a murzawa, ba a kara wa hita. Man kaɗe yana hana fuska bushewa da tsagewa, ki shafa tun a gida, amma ba ya hana sanyi cin fata, kar ki dogara da shi.

A mota kuma ki cire mata jaket kafin ki ɗaure ta a kujerarta. Kumburin rigar yana sa bel ya zama kamar ya kama alhali da sauran sarari.

Ɗan Gwanjo, Kano

Salamu alaikum Hajiya. Ni ban taɓa ganin ƙanƙara ba sai ta firji, amma kayan nan da kuke magana ina ganinsu duk shekara. A Kofar Wambai nake, dilar kayan sanyi muke kwancewa idan hunturu ya gabato. Jaket ɗin suna tafiya, masu gadi da masu babur da mutanen Jos suna saye. Amma wandon nan mai ƙirji da igiya a kafaɗa, musamman na yara, ba mai kallonsa. Wa zai sa wa ɗansa wannan a Kano? Shi ne yake kwana a ƙasan tebur, ƙarshe mu haɗa shi da tarkace mu bayar yadda aka taya. Ashe dukiya ce nake takawa ban sani ba.

In kina da mai zuwa, ki yi magana in ware miki masu kyau, in ma zuba musu ruwan kamar yadda Malam ya ce. Sai dai abin dariyar, wasu dilolin daga wajenku ake lodo su. Ka ga wando ya baro Kanada a jirgin ruwa, ya sha hanya har Kano, ya kuma hau jirgin sama ya koma gida.

Baban Khalifa, Edmonton

Ɗan Gwanjo ka kashe ni da dariya. Amma wandon nan cin wuri gare shi a akwati, kuma duk wanda zai taho daga Kano kilo ɗinsa na kilishi da daddawa da kuka ne, ba zai yarda ba.

Anti, na sallama a kan kitso, wannan ba fagena ba ne. Ƙari ɗaya, Maman Ummi: ƙungiyar likitocin yara ta Kanada tana ba da shawarar a bar yara a gida idan sanyi, ko yadda iska ke sa a ji shi, ya kai digiri 27 ƙasa da sifili. A Janairun 2024 a filin jirgin Edmonton ya wuce 40. Irin wannan rana ba kayan da za su yi, masu tsada ko masu araha, a dafa shayi a zauna. Don haka kar wani mai shago ya tsorata ki da cewa sai jaket ɗin da ke jure 40, ranar da aka kai haka Ummi tana ɗaki.

Ɗiyar Damagaram, Grenoble

Sannunku da hira. Ni a Faransa nike, ƙarƙashin duwatsun Alpes, mu ma garinmu ya karɓi Olamfik a 1968, kuma Chamrousse na nan kusa da mu. Nan lakwal, wato makaranta, da kanta take kai yara zamiya, to kowace shekara sai uwaye sun shiga wannan lissafi naki.

Abin da ban ga an faɗa ba shi ne aro. Kafin ki sayi komai, tambayi uwayen da kuke haɗuwa a ƙofar gidan reno, da matan masallaci. Kowane gida mai yara akwai jakar kayan sanyin da suka yi kaɗan, tana cin wuri, mai ita neman wanda zai ɗauka take. Ɗiyata ta fari da kayan ɗan maƙwabciyata ta koya, shuɗi ne da hoton mota a ƙirji, ba abin da ya same ta. Ba ki ma san ko Ummi za ta so abin ba. Akwai yaran da ke zuwa sau ɗaya su ce ba su ƙara komawa. Bari ta nuna tana so tukuna.

Ga wanda ke wannan ɓangare namu kuma yake karantawa: kasuwannin intanet na Vinted da Leboncoin da shagunan gwanjo na Emmaüs, sai kasuwar musayar kayan zamiya da ƙungiyoyi ke yi a Oktoba da Nuwamba. Kantin Lidl ma kan kawo na yara kafin hunturu. Ragin hunturu na hukuma cikin Janairu yake farawa, mako huɗu. Ku lura, mu nan lambar kaya da tsawon yaro take tafiya, 104, 110, 116, wato santimita. In za ki saya daga Turai ta intanet ki auna ta da tef, kar ki bi shekaru.

Gilashin ido kar ki raina shi don kin ga mu baƙaƙe ne. Sabuwar ƙanƙara tana iya maido da kusan kashi 80 cikin 100 na hasken rana mai ƙuna, ido yana ciwo da shi. Mafi araha na yara ya isa, in dai an rubuta yana tare hasken UV, wato mai ƙunar nan, kuma ki gwada shi tare da hular, kar a bar fili a goshi. Na hannu ma ya yi in bai karce ba kuma soson gefen bai ruɓe ba.

Wanki kuma, ba kowane mako ba. A goge da tsumma, a rataye ya sha iska. In za a wanke, ban da ruwan laushin kaya mai ƙamshin nan, shi ke kashe abin da ke sa ruwa ya gangare. Ki sa mata dabino biyu a aljihu, da takarda mai lambar wayarki.

Maman Ummi, Calgary

Jama'a na dawo da rahoto, Allah ya biya ku.

Na bi maganar 'yar uwata ta Grenoble na fara da tambaya. Ranar Juma'a bayan an idar na yi wa wata baiwar Allah 'yar Sudan magana, mai yara huɗu. Washegari sai ga ta da leda cike: jaket ta 'yar shekara biyar, ja, zik lafiya lau, da rigunan filis biyu, da abin wuya. Na ce nawa, ta ce in na ƙara maganar kuɗi za ta ɓata da ni. Na yi mata dambun nama na kai.

Wando a Marketplace na samu, mai ƙirji, an rubuta 10,000 a ciki, dala 25. Baban Khalifa, na zuba ruwan! Matar ta tsaya tana kallona, da na yi mata bayani sai ta kwashe da dariya ta ce ita ma haka za ta riƙa yi. Ruwan ya gangare tas. Na leƙa ƙafar na ga jan zaren nan ba a warware ba, ke nan har baɗi in Allah ya kai mu. Baƙi ne, Ummi ta turo baki, na ce baƙi shi ne na manyan 'yan wasa, ta karɓa da sharaɗin hular ta zama ruwan hoda.

Hular sabuwa na saya, dala 40, da tambarin da aka ce a ciki, kuma ruwan hodar aka samu. Anti, sai da na kwance shukun na yi mata kwantacce kafin mu je, ai kuwa lambar da ta zauna mata ta fi wadda na gwada ranar farko ƙanƙanta. Gilashi dala 20. Kayan ciki na foliyesta riga da wando dala 22, safar ƙafa dala 10. Safar hannu ita ce na rufe ido na sayi mai kyau sabuwa, dala 30, ta biyun kuma ta dala 4 a Value Village, tana jaka don ko-ta-kwana. Duka dala 151, da ɗan harajin sababbin, tunda mu a Alberta kashi 5 ne kawai. Babanta ya karɓi takardun ya sake lissafawa da kansa, ya ce da an bi tasa da shekara uku za a yi ba a sake saye ba. Na ce masa ya je Edmonton ya faɗa.

Jiya da yamma na shirya ta tsaf na tura ta bayan gida gwaji. Ta kwanta, ta birgima, ta zauna a kan tulin da aka share daga hanya har sai da na kira ta. Da ta shigo na zura hannu ta bayan wandon da gwiwa, a bushe. Abin da ya jiƙe kawai abin wuyan ne, don tsotsarsa take yi, ban san maganin wannan ba sai dai in nemo na biyu.

Ɗan Gwanjo, ka ajiye min mai kyau ɗaya na 'yar shekara shida, ƙanwar babanta za ta zo da rani, zan san yadda zan yi da ita a kan kilo.

Jaket ɗinta ta bara da takalmin ƙanƙara na nan, za su yi wa ɗan shekara uku. Wandon ban ba kowa ba, yoyo yake. Wanda yake Calgary yana so ya yi min magana ta akwatin sirri, muna ɓangaren arewa maso gabas, bayan la'asar ina gida.